In Kunne Ya Ji: Tsakanin Matuƙin Jirgi da Hasumiya

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan malamanmu ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshe. Mun kawo shi yadda ya gabatar da shi.



Duk wanda ya taɓa riƙe alli a wannan yanki namu ya san abin da zan faɗa. Kana tsakiyar bayani, sai rugugin jirgi ya taso ya cika aji, dole ka yi shiru har ya wuce. Yara su leƙa ta taga, kai kuwa ka tsaya kana ƙoƙarin tuna inda ka kwana. Mu maƙwabtan Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano ne, kuma maƙwabtakar ta daɗe. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne jiragen farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. A 1936 filin jirgin ya fara aiki. Har yau, a taswirar matuƙa jirage na duniya, da sunan Kano ake kiran sararin samaniyar Nijeriya baki ɗaya.

Maƙwabtakar nan ta sha zuwa mana da hawaye. Dattawan cikinmu suna tuna ranar 22 ga Janairu 1973, lokacin da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a nan, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Mafi yawanmu kuma muna tuna 4 ga Mayu 2002, ranar da jirgi ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, aka rasa rayuka fiye da 100, na cikin jirgin da na cikin gida. Allah ya jiƙansu. Dalilan waɗannan haɗurra biyu daban ne da abin da zan yi magana a kai. Na ambace su ne don mu tuna cewa abin da ke faruwa a cikin jirgin da ke ratsa saman makarantunmu ya shafe mu, ko da ba mu taɓa taka matakalarsa ba.

Abin da na zo da shi yau shi ne magana. Ina nufin 'yan kalmomin da ake musaya tsakanin matuƙin jirgi da jami'in da ke ƙasa yana yi masa jagora, musamman a mintocin ƙarshe kafin sauka. Na zaɓi wannan batu ne saboda da ni da ku duka da baki muke cin abinci, kuma ban san wata sana'a da ta yi wa maganar baki binciken ƙwaƙwaf kamar sana'ar tuƙin jirgi ba.

Bari mu fara da yadda abin yake. Idan jirgi ya doso gari, jami'in da ke lura da shi a sararin sama yakan miƙa shi ga jami'in da ke tsara jerin jiragen da za su sauka, shi kuma ya miƙa shi ga na hasumiya. Matuƙin ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu, su ma ba sa ganin fuskarsa. Abin da ya haɗa su shi ne rediyo, tasha guda, kowa na jin kowa, amma mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. In biyu suka danna tare, ƙara kawai za a ji. Jirgin da ya daidaita zai sauka yana gudun kusan kilomita 250 a awa, wato yana cinye kilomita guda cikin daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka. Tazarar da ake bari tsakanin jirgin da ke sama da wanda ke ƙasa da shi ƙafa 1,000 ce, kimanin mita 300. A wannan lokacin ne aiki ya fi yi wa matuƙi yawa, gajiyar tafiya ta taru, mai ya ragu, ƙasa kuma ta matso. In damina ce ga hadari, in hunturu ne ga hazon da muka sani, wanda kan sa a soke sauka a Kano. A irin wannan hali kunne ne ke yin aikin ido.

Masu binciken haɗurra sun saurari abin da na'urorin naɗar murya suka ɗauka, sun rubuta rahotanni. Idan mutum ya bi su a tsanake, zai ga cewa magana takan lalace ta hanyoyi uku. Zan kawo misalin kowace.

Hanya ta farko ita ce mutum ya zaci ya faɗi abin da bai faɗa ba. Misalinta a ƙasarmu ya faru. Ranar 7 ga Nuwamba 1996 da yamma, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Yana tafe a ƙafa 24,000, yana jiran izinin gangarowa. Jami'in da ke kula da shi ya ɗauka cewa tuni ya ba shi izinin sauka zuwa ƙafa 10,000, alhali izinin bai fita daga bakinsa ba. A kan wannan zato ya tsara sauran jiragen. Da izinin ya zo daga baya, sai jirgin ya gangaro ya yi kiciɓis da wani da ya taso daga Legas yana hawa. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙin ya karkata jirgin da ƙarfi don ya kauce, karkatar ta wuce kima, jirgin ya ƙwace ya faɗa cikin ruwa kusa da Ejirin. Mutum 144 ne a ciki, ba wanda ya fita. Cikinsu har da Farfesa Claude Ake, ɗaya daga cikin manyan masana kimiyyar siyasa da Afirka ta yi. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wannan zaton bai zama gaskiya ba.

Hanya ta biyu ita ce a faɗa, amma kunne ya ji wani abu daban. Ranar 19 ga Fabrairu 1989 wani jirgin dakon kaya na kamfanin Flying Tiger ya taso daga Singafo zuwa Kwala Lamfur ta ƙasar Malesiya. Jami'in ƙasa ya umarce shi ya gangaro zuwa ƙafa 2,400, sai ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya: biyu, huɗu, sifili, sifili. Malaman Turanci da ke nan sun riga sun hango inda gizo ke saƙa. A Turanci kalmar "two", wato biyu, da kalmar "to", wato zuwa, lafazinsu ɗaya ne. Matuƙan suka ji an ce su gangaro zuwa huɗu, sifili, sifili, wato ƙafa 400. Ɗayansu ya maimaita abin da ya ji, ya ce ƙafa huɗu, sifili, sifili. A nan ne damar ceto ta zo, domin kuskuren ya fito fili a rediyo, amma jami'in bai lura da cewa an yar da lamba ɗaya ba. Jirgin ya daki tudu kafin ya kai filin, mutum huɗun da ke ciki suka mutu.

Irin wannan ya sake faruwa, da hasara mafi girma, ranar 26 ga Satumba 1997 a kusa da birnin Medan na Indonesiya. Hayaƙin gobarar daji ya rufe sama kamar yadda hazo kan rufe mu a watan Janairu. A ranar jirage biyu na kamfanoni daban-daban suna ɗauke da lamba iri ɗaya, 152, har jami'in ya kira jirgin Garuda da sunan ɗaya kamfanin. Daga nan aka shiga ruɗani a kan juyawa: dama aka ce ko hagu? Ana cikin tambayar juna, jirgin yana ta yin ƙasa ba wanda ya ankara, har ya faɗa cikin daji mai tuddai. Mutum 234 suka rasu.

Hanya ta uku ita ce ta fi taɓa ni, domin ita ce ta fi kama da halinmu. Ita ce mutum ya san gaskiya, ya buɗe baki, amma ya sakaya ta. Ranar 25 ga Janairu 1990 jirgin kamfanin Avianca ya taso daga ƙasar Kolombiya zuwa birnin New York na Amurka. Yanayi ya ɓaci, jirage sun yi cunkoso, aka sa shi ya yi ta shawagi yana jira har sau uku, jimillar minti 77. Mai ya kusa ƙarewa. Babban matuƙin ba shi da ƙarfi a Turanci, don haka mataimakinsa, wanda matashi ne, shi ke magana da ƙasa. A ƙa'idar aikin akwai kalmar da in aka furta ta, za a kawar da kowa daga hanya a ba jirgi titi nan take. Mataimakin bai furta ta ba. Ya roƙi a ba su fifiko, ya ce mansu yana ƙarewa. A kunnensa wannan kuka ne na neman agaji. A kunnen jami'an New York kuwa, waɗanda ke jin irin wannan ƙorafi daga jirage da yawa a dare irin wannan, magana ce ta yau da kullum.

Suka yi yunƙurin sauka, iska ta hana, suka sake tashi. Babban matuƙin ya ce wa mataimakin ya gaya musu cewa suna cikin halin gaggawa. Mataimakin ya sake cewa mai yana ƙarewa, ya kuma shaida wa maigidansa cewa ya faɗa. Jami'in ya ce zai zagaya da su wajen mil 15 kafin ya dawo da su, ya tambaya ko hakan ya yi musu daidai da man da suke da shi. Amsar da ya samu ita ce, a fassare: ina jin haka, mun gode ƙwarai. Bayan 'yan mintoci injuna huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Cikin mutum 158, 73 suka rasu. Hukumar binciken Amurka ta ɗora babban laifin a kan matuƙan, amma ta kuma ce rashin tsayayyun kalmomi da kowa zai fahimta game da ƙarancin mai ya taimaka.

Jama'a, ku dubi wannan amsa: mun gode ƙwarai. Yaron kirki ne, mai ladabi, ba ya son ya takura wa wanda yake gani a sama da shi. Da a zaure ne, da mun yaba tarbiyyarsa.

To, me masu wannan sana'a suka yi? Ba su tsaya ga yi wa mutane wa'azin su riƙa kula ba, domin sun san ɗan Adam ajizi ne, zai gaji, zai manta, zai yi zato. Sai suka gyara ita kanta maganar. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsayar da kalmomi ƙayyadaddu, kowace da ma'ana guda. Haruffa suna da sunaye, Alfa, Bravo, Charlie, don kada "b" ta rikiɗe ta zama "d" a cikin ƙarar rediyo. An sauya lafazin wasu lambobi, kamar tara da biyar na Turanci, don kada su yi kama da juna. Bayan haɗarin tsibirin Tenerife na 27 ga Maris 1977, inda jirage biyu suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, an hana furta kalmar tashi sai a lokacin ba da izinin tashin ko soke shi. A wannan haɗarin, kalmar "OK" da jami'i ya furta tana cikin abin da ya ruɗar da matuƙi. Kalmar neman ceto, "Mayday", sau uku ake faɗinta, kuma ba a tambayar wanda ya faɗe ta dalilin da ya sa ya ɗaga murya. Daga shekarar 2008 hukumar ta wajabta wa matuƙa da jami'an da ke aikin ƙasa da ƙasa su ci jarrabawar Turancin aiki, su kai aƙalla mataki na 4 cikin 6. An kuma koya wa mataimaki cewa wajibinsa ne ya ƙalubalanci babban matuƙi in ya ga kuskure, an koya wa babban cewa wajibinsa ne ya saurara.

Amma ginshiƙin duka shi ne ƙa'idar maimaitawa. Idan jami'i ya ba da umarni game da tsawo, ko alƙibla, ko titin da za a sauka, bai halatta matuƙi ya ce "na ji" ya yi shiru ba. Dole ya maimaita umarnin da bakinsa, da lambobinsa, ya haɗa da sunan jirginsa. Shi kuma jami'in dole ya kasa kunne ga maimaicin, in ya ji saɓani ya gyara nan take. A wurinsu saƙo bai isa ba sai ya je ya dawo. Mun saba cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Su sun ƙara tambaya ɗaya a kai: me kunnen ya ji? Wannan shi ne abin da ake koya wa 'ya'yanmu da ke Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kuma da shi jami'an hukumar NAMA suke aiki dare da rana a hasumiyar da ke bayan unguwanninmu.

Yanzu bari in dawo gida. Harshenmu ma yana da irin waɗannan ramuka. Wanda ya taɓa yin ciniki ta waya da ɗan Kantin Kwari ko ɗan kasuwar Sabon Gari ya san yadda talatin kan koma tamanin, biyu ta koma biyar. Gogaggen ɗan kasuwa ba ya yanke waya sai ya ce, "Tsaya, Alhaji, bandir nawa ka ce?" Bai je Zariya ba, asara ce ta koya masa. Ku kuma dubi kalmar "to". Tana nufin na yarda, tana nufin na ji amma ban yarda ba, tana nufin ci gaba ina saurare, tana nufin ƙyale ni haka. Haka "ba komai", wadda mukan faɗa ko da akwai komai. A zaman tare waɗannan kalmomi suna da amfani, su ke sa a rabu lafiya. A inda rai ko makomar wani ta rataya a kan saƙo, haɗari ne.

Zan ba ku labarin kaina. Shekaru da dama da suka wuce, a wata makaranta da na koyar, na shiga aji ana gab da tashi na sanar da ranar wata jarrabawa: sha biyu ga wata. Ban rubuta a allo ba. Na ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "E, Malam!" Ranar jarrabawa kujera ɗaya ta zauna ba kowa. Yarinyar, wadda tana cikin masu ƙoƙarin ajin, ta zo ranar sha bakwai da bironta da rularta. Tana zaune ne a can baya kusa da taga. Da na tambaye ta me ya hana ta tambaya tun da ba ta ji sosai ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, na ga kana sauri ne." Ta yi mini kara, karar ta ci ta. Na daɗe ina cewa laifinta ne. Sai da na karanta labarin jirgin New York na gane cewa a ranar ni ne ke zaune a hasumiya, kuma ban nemi a maimaita mini ba.

"Kun gane?" tambaya ce da ba ta da amsa sai guda ɗaya. Wane yaro ne zai ɗaga hannu a gaban sa'o'insa sittin ko fiye ya ce shi kaɗai ne bai gane ba? Balle a ajujuwanmu na Fagge da Sabon Gari, inda a benci guda za ka sami mai jin Hausa a gida, da mai jin Ibo, da mai jin Yarbanci, da wanda iyayensa suka zo daga Nijar, dukansu kuma muna koyar da su da Turancin da ba a haifi ko ɗayanmu da shi ba. Halin da matuƙin Kolombiya ya shiga a sararin New York shi ne halin da yaranmu da yawa suke ciki tun daga ƙararrawar safe har ta tashi.

Saboda haka ina roƙonmu abu uku, kuma ba wanda ke buƙatar ko sisi daga gwamnati. Na ɗaya, duk saƙon da ke da lamba a ciki, rana ce, ko shafi, ko adadin tambayoyin da za a amsa, mu faɗa, mu rubuta a allo, sannan mu zaɓi yaro daga bayan aji ya maimaita da bakinsa, mu kuma saurari abin da ya ce har ƙarshe. Na biyu, mu ba yaranmu kalmar neman ceto. Mu yi yarjejeniya da su tun farkon zango cewa duk wanda ya ce "Malam, na ɓata", za a tsaya masa, ba duka, ba dariya, ba gori. Wannan ya haɗa da abin da ya wuce karatu: yaron da ba shi da lafiya, ko wanda ake cutarwa a hanya, ya san cewa akwai kalmar da in ya faɗa za a ji shi. Na uku ya shafe mu ne mu manya. Ƙaramin malami da ya ga katanga ta tsage, ko rufin aji ya lotsa, kada ya je ofis ya ce "da dai an ɗan duba". Ya ce, "Ranka ya daɗe, ginin nan zai iya faɗowa a kan yara, a fitar da su yau." Shugaban da aka gaya wa haka kuma kada ya ɗauke shi rashin kunya. Ku gafarce ni da wannan karin magana, amma magabata sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira a yar da kunya da kara. Su ne adonmu, kuma ina fata jikokina su tashi da su. Abin da nake cewa shi ne mu koya wa yara su san wurin kowace magana, kamar yadda muke koya musu bambancin wasiƙar zumunci da wasiƙar neman aiki. Cikin yaran nan da ke leƙen jirgi ta taga akwai wanda wata rana zai zauna a hasumiyar can, akwai wadda za ta karɓi umarnin likita a kan adadin allura, akwai wanda zai riƙe sitiyarin jirgin da zai kai waninmu aikin Hajji. Ranar da za su buƙaci cewa "ban ji ba, a maimaita", ko "muna cikin haɗari", ba za su sami lokacin koyonta ba. A gabanmu za su koye ta, ko kuma su koyi yin shiru.

Gobe in Allah ya kai mu, jirgi zai sake katse wa waninmu darasi. Idan rugugin ya lafa, kafin ka ci gaba, ka tambayi na bayan aji abin da ka faɗa na ƙarshe.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yi wa ɗalibanmu albarka.